Mai Riƙon Wasa

Ranar da Mani ya cika kwana goma sha tara a hannunsu aka kira yayarsa Huseina a waya. Wanda ya kira bai faɗi sunansa ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ya kwatanta mata wani gida mai koren ƙyaure a bayan unguwar Kuluba, ya ce ƙarfe goma na safe, ya kashe.

Ta ajiye almakashi a kan atamfar da take yanka, ta ɗauki 'yar kularta, ta rufe shago. Kular nan ta sha yawo. Mani yana da ciwon suga tun yana saurayi, kullum sai ya yi allura, kuma tun ranar da wasu mutum uku suka tare shi a bakin titi da rana tsaka suka tura shi cikin mota marar lamba, Huseina take zagaya ofisoshin Wagadugu da maganinsa a cikin ƙanƙara. Ko'ina ta je amsa ɗaya ce, ba ya wurinmu, ba mu san shi ba. In ƙanƙarar ta narke ta sayi wata, ta sake fita.

Laifin Mani wasan kwaikwayo ne. Shekara goma sha takwas ke nan yana tara mutane a tsohon siton goron mahaifinsu, ɗaya daga cikin 'yan gine-ginen Zongo da rusau ya tsallake, suna shirya wasa suna nunawa a tsakar gidaje da harabar makarantu. Da can wasanninsa na ban dariya ne, mai gidan haya da 'yan haya, alhajin da ya dawo daga Makka da haƙorin zinari ya daina rufe baki. A 'yan shekarun nan dariyar ta ragu. Sabon wasan da suke shiryawa a kan matan da aka ɗauke musu maza ne, aka ce minti biyar, har yau shiru.

Mani ba ya rubuta wasa. Tun wata shekara da aka zo aka kwashe musu takardu a buhu, ya rantse alƙalaminsa ba zai ƙara taɓa takarda ba. Sai ya ɗauki ɗan wasa a bayan babur ɗinsa, su miƙa hanyar baraj, wato madatsar ruwa, su biyu, ya riƙa zuba masa maganarsa baki da kunne har ta zauna. Daga nan ɗan wasan ya kawo wa Huseina a shago, ya karanta mata sau ɗaya tana taka keke, shi ke nan ta shiga. Allah ya ba ta kai, tun a makarantar allo ta gaji da jiran sauran yara. Ita ce mai riƙon wasa, kowa ya san nasa, ita kaɗai ta san duka.

Akwai kuma doka ɗaya da Mani ya horar da su a kai har ta zame musu jiki: ba a barin magana ta faɗi ƙasa. In wani ya fara layi ya maƙale, duk wanda ya san ƙarashen sai ya cafe nan take, ko a dandamali ne, ko a kasuwa, ko a wurin suna. Yakan jefa musu rabin magana ana tsakiyar cin abinci don ya ga wa zai yi jinkiri. Bayan shekara goma sha takwas bakinsu na amsawa kafin kansu ya yi tunani, kamar yadda amin ke bin addu'a.

Mijinta Suhaibu ne ya kai ta Kuluba. Abokin Mani ne tun suna gudu ba wando a lungunan da yanzu suka zama fili, kuma shi ne babban ɗan wasansu. Tun da abin ya faru ya bar rumfar yadinsa a hannun maƙwabci, kullum shi ke ɗaukarta ofis zuwa ofis. Ya rame ya yi baƙi, abinci ma sai ta matsa masa. Har tausayinsa take ji. Da suka iso ya tsaya nesa da ƙofar a gindin wata bishiyar darbejiya, ya ce zai jira ta nan.

Mutumin da ya karɓe ta a ciki bai kai shekarunta ba. Riga ce mai gajeren hannu a jikinsa, ga ladabi, har ya sa aka kawo mata ruwa. Ladabin nan ya fi zagi ba ta tsoro.

"Madam Huseina," ya ce, "an ce min ke ce ordinatar ɗin turup, wato kwamfutar ƙungiyar wasan. Ba mu da matsala da teyatir, ni ma ina son teyatir. Ki saurara."

Ya ɗauko takarda ya fara karantawa, yana tuntuɓe da Hausar:

"Da azahar suka zo. Ɗana na alwala, ya wanke ƙafar dama, bai kai ga ta hagu ba. Suka ce minti biyar. Ya fita da silifa ɗaya, ɗayar na nan bakin ƙofa inda ya cire ta. Kowace safiya ina sharar tsakar gida, in na zo wurinta sai in kewaye ta da tsintsiya. Maƙwabta suka ce, Inna, ki ɗauke ta mana, kaji na hawa. Na ce…"

Wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗauka, ya yi magana da Faransanci a gajarce, ya ajiye. Da ya koma kan takardar idonsa ya tsallake layin, ya ci gaba daga ƙasa, inda tsohuwar ke cewa ta gano ba ita kaɗai ke kewaye silifa a garin nan ba, har sun fara zama su bakwai ranar Laraba.

Abu biyu suka faɗo wa Huseina a lokaci ɗaya. Na farko, ba ta taɓa jin wannan magana ba. Salon Mani ne, ko a mafarki za ta gane shi, amma ba a kawo mata ita shago ba. Ke nan Mani ya zuba wa wani a bayan babur kwanaki kaɗan kafin a ɗauke shi, shi kuma wanin, maimakon ya kawo mata, ya kawo nan. Na biyu, ta san silifar. Shuɗiya ce, an ɗinke maɗaurinta da waya. Ta gan ta da idonta a gidan Inna Mamunatu mai sayar da zomkom, ruwan geron nan da ake sha, ranar da ta kai mata ɗinkin Salla, ga sawun tsintsiya ya zagaye ta tsaf.

"Ƙanenki yana da taurin kai," in ji mutumin. "Mu ba shi muke so ba. Matar nan muke so mu gani, wadda ke tara mata tana karya wa jama'a gwiwa a lokacin da ƙasa ke cikin wahala. Suna ɗaya, madam. Ki kawo shi Juma'a, ki tafi da ƙanenki."

"Ban san ta ba," ta ce. "Mani ƙirƙira yake yi."

"To, ki yi tunani."

Ta tura masa kular a kan tebur. "Don Allah ko maganin ku ba shi. Kwana goma sha tara ba allura, mutuwa zai yi."

Ya tura mata abarta da yatsa biyu, a hankali. "Juma'a," ya ce.

A hanyar komawa ba ta gaya wa Suhaibu komai ba sai cewa an ce ta dawo Juma'a. Ba don tana zarginsa ba, ko kusa. Tsoro take kada baƙin ciki ya ƙarasa shi in ya ji cewa a cikinsu aka samu wanda ya sayar da Mani.

Maganar ta tsohuwa ce, don haka zuciyarta ta tafi kan matan ƙungiyar. Su biyu ne, Shahida da Rokia. Shahida tana asibiti da jinyar uwarta tun kafin abin ya faru, ba ta hau babur ɗin kowa ba. Saura Rokia, wadda ke koyarwa a wata makaranta a Tampuy, mai son fitowa a gaba, wadda ta taɓa yin fushin wata guda don an ba wata matsayin da take so. Kafin Huseina ta kai Tampuy ranar Talata ta riga ta yanke mata hukunci a ranta, har ta tsara zagin da za ta yi mata.

Ta same ta tana wanke shinkafa. Ko zama ba ta yi ba ta jefa mata maganar kamar yadda Mani ke yi:

"Maƙwabta suka ce, Inna, ki ɗauke ta mana, kaji na hawa. Na ce…"

Rokia ta ɗaga kai tana jira. Bakinta bai motsa ba. "Wane wasa ne wannan, Tanti? Sabo ne?"

Huseina ta sake jefawa, tana kallon leɓɓanta. Babu komai. Mutum zai iya ƙarya da ido, amma ɗan wasan Mani ba ya iya hana leɓensa rawa in ya san ƙarashe. Sai a lokacin Rokia ta gane abin da ake yi mata. Ta tsame hannu daga ruwan, ta goge a zane.

"Gwada ni kika zo yi? Ni?" ta ce. "Tanti, tun ranar da aka ɗauke shi direktan makaranta ya kira ni biro, ofishinsa, sau biyu, ya ce in ban bar teyatir ba in bar lakwal, in daina koyarwa. Na ce masa sai dai in bar lakwal. Shi ne kika taso tun daga Zongo ki jefa min magana kamar ɓarauniya?"

Huseina ta ba da haƙuri, amma haƙurin bai shiga ba. Rokia ba ta raka ta ko bakin ƙofa ba. Kunya ta ishe ta a hanya, ga kuma tambayar tana nan inda take.

Ranar Laraba ta yi niyyar kauce wa lungun Inna Mamunatu, sai ƙafarta ta kai ta. Tsohuwar na zaune a bayan teburinta a kusurwar da ake juyawa zuwa unguwar Tiendpalogo, ga babbar roba cike da zomkom, tana kore ƙuda da mafici. Mijinta Bamoshe ne, ya rasu da daɗewa, ɗanta guda Rasmane shi ne mai silifar.

"Ɗiyata, zo nan," ta ce. "Kin ga yadda kika koma? Zauna ki sha." Ta cika mata kofi, ta ƙi karɓar komai. "Wani labari na yaron nan?"

"Babu, Inna."

"Za ya dawo. Yau in mun zauna da matan, da sunansa za mu fara addu'a. Yaron kirki, ya zo ya zauna min a tabarma ya saurare ni har la'asar. Wata goma sha huɗu, ɗiyata, ba wanda ya tambaye ni yadda aka yi sai shi. Kowa tsoro."

Zomkom ɗin ya yi sanyi, ga citta ga tsamiya, amma Huseina ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye kofin. Ta kalli hannun tsohuwar, duk jijiya, yana riƙe da ludayi, ta rantse a ranta ko yanka ta za a yi sunan nan ba zai fita daga bakinta ba. Da gaske ta rantse, ba wanda ya sa ta.

Safiyar Alhamis ta hura gawayi ta zuba a dutsen guga, ta shimfiɗa farar rigar Mani, wai ko Allah zai sa ya fito ya samu abin sawa. Suhaibu na tsugune a tsakar gida ya ba ta baya, yana goge sarƙar babur da tsumma. 'Yarsu Nafisa ta tafi makaranta, gidan shiru.

Huseina ba ta iya barin magana da rami a kanta. Tun ranar Litinin layin nan da wayar mutumin ta cinye yake damunta kamar tsakuwa a takalmi. Tana guga tana maimaitawa ƙasa-ƙasa, ba ta ma san a fili take yi ba. Ta zo wurin ta tsaya, ta koma baya. Ta sake zuwa ta tsaya.

"Maƙwabta suka ce, Inna, ki ɗauke ta mana, kaji na hawa. Na ce… na ce…"

"Ku bar ta, bai gama alwala ba."

Muryar tsohuwa ce, mai karkarwa, mai fita ta hanci. Muryar da duk Zongo ta sani a shekarun dariya, lokacin da Suhaibu kan ɗaura zane ya ɗauki sanda ya fito a matsayin Kaka, yara su yi ta birgima. Ya daɗe bai yi ta ba har Huseina ta manta cewa in Mani na neman tsohuwa ta gaske, ba wurin mata yake zuwa ba.

Hannun Suhaibu ya tsaya a kan sarƙar. Bai juyo ba. Ita ma ba ta motsa ba sai da ƙauri ya bugi hancinta, ta ɗaga dutsen gugar, ta tarar ya ci rigar Mani a kafaɗa.

"Baban Nafisa," ta ce. "Juyo ka kalle ni."

Ya juyo a tsugunen, hannunsa duk baƙin mai.

"Kwana ashirin da biyu kana ɗaukata a babur. Kana tsayawa a gindin bishiya kana jirana. Kana kallona ina sayen ƙanƙara."

"Huseina, ki saurare ni…"

"Ina saurare. Sauraro ne sana'ata."

Ya faɗa mata, kansa a ƙasa. Kwana uku kafin a ɗauki Mani, su suka fara ɗaukarsa shi daga bakin kasuwa. Wuni guda kawai ya yi. Ba su taɓa shi ba, ko mari. Sun zaunar da shi a wani ɗaki, suka nuna masa kakin soja a rataye da takalmi, suka ce gobe da safe akwai mota mai tafiya arewa bakin daga, tun da yana da bakin magana a kan yaƙi sai ya je ya gani da idonsa. Ko kuma ya karanta musu abin da Mani ke shiryawa.

"Shekarata hamsin da ɗaya, ban taɓa riƙe ko bindigar toka ba. Na ji tsoro, Huseina. Wallahi tsoro na ji, har fitsari na yi a wando. Suka ce gargaɗi kawai za su yi mishi, kwana ɗaya su sake shi. Gargaɗi kawai suka ce."

"Kuma ka yarda."

"Na so in yarda."

Da ya yi mata ƙarya ko ya ɗaga murya da ta fi samun sauƙi. Ta tsaya tana kallon mutumin da ta yi shekara ashirin da uku tana dafa wa abinci, ta ji ƙyamarsa har cikin ƙashinta. Ta gaya masa maganganun da ba a gaya wa miji. Ta ce shi ba namiji ba ne, ta ce Mani ya ɗauke shi ɗan'uwa ya zuba masa magana a kunne shi kuwa ya kai ta kasuwa, ta ce ita ko wuta aka sa mata a tafin hannu ba za ta ba da wanda ya amince da ita ba. Ya ɗauki tsummansa ya ci gaba da goge sarƙar da ta riga ta yi fes.

Ranar Juma'a ita kaɗai ta tafi, a ƙafa, da kularta. Ta shirya abin da za ta faɗa: ba ta san matar ba, su riƙe ta a madadin Mani in suna so. Ta maimaita shi tun daga Zongo har Kuluba.

Mutumin bai tambaye ta komai ba. Ya ce ta biyo shi. Suka bi wani siririn lungu zuwa bayan gidan, ya tsaya a jikin wata taga mai ƙarafa, ya matsa gefe.

Mani na kwance a kan siminti. Da ba don goshinsa ba, irin na mahaifinsu, da ba ta gane shi ba. Ya zube ya zama ƙashi, leɓɓansa sun tsage sun yi fari, ƙafafunsa sun kumbura, babban yatsan hagu ya yi baƙi. Numfashi yake ja mai zurfi da sauri, irin wanda ta taɓa gani sau ɗaya yana ɗan shekara sha bakwai, ranar da likita ya ce da an ƙara awa biyu da sai dai gawa. Ita ta goya shi yana jariri. Ita ta koyi yin allura a jikin lemo don ta riƙa yi masa.

"Mani," ta kira. "Mani, ni ce, Yaya."

Idonsa ya buɗe, bai tsaya a kanta ba, ya sake rufewa.

"Akwai dokta a kusa," in ji mutumin a bayanta, murya ƙasa-ƙasa. "Minti goma ya iso. Tsohuwa ce fa, madam, me za mu yi da tsohuwa? Magana kawai za mu yi mata ta daina tara mutane."

Duk abin da ta maimaita a hanya ya tsere. Ta riƙe ƙarfen tagar da hannu biyu, tana jin numfashin ƙanenta yana shiga yana fita, tana ƙirgawa. Tsohuwa ce, in ji zuciyarta. Ba za su taɓa tsohuwa ba. Gargaɗi kawai za su yi mata.

"Mamunatu," ta ce. "Mai zomkom. Kusurwar Tiendpalogo."

Ko rubutawa bai yi ba. Ya miƙo hannu ya karɓi kular.

Da ta koma gida Suhaibu na zaune a kan tabarma a inuwar katanga, bai je masallaci ba. Ya dubi fuskarta, ya dubi hannunta da babu kula, ya gane. Bai tambaye ta ba, kuma wannan shirun nasa ya fi mata ciwo a kan duk abin da ta gaya masa jiya. Ta tsaya ta rasa inda za ta sa kanta a gidanta. Daga baya ta zauna a ɗaya bakin tabarmar.

Sun cika alkawari. Ranar Asabar da hantsi aka ajiye Mani a ƙofar wani asibiti. An yanke masa yatsan, amma ya rayu. Kwana goma sha biyu Huseina tana gefen gadonsa, tana ba shi kunu a cokali, kuma farin cikin ganinsa yana numfashi na gaske ne, ba za ta ce ba na gaske ba ne. Sai dai ko sau ɗaya ba ta bi ta kusurwar Tiendpalogo ba, kewaye take yi ta bakin babban titi. Suhaibu bai zo asibitin ba, Mani kuma bai tambaye shi ba, don tun ranar farko da suka karanta masa takardar ya san bakin da ta fito.

Ranar da aka sallame shi, kafin ma su kai gida, ya ce wa mai tasi ya tsaya.

"Yaya, mu biya in gaida Inna Mamunatu."

"Ka bari ka huta tukuna. Gobe ma rana ce."

"Yanzu," ya ce. "Nan ne kusa."

Ya dafa kafaɗarta, yana ɗingishi, suka shiga lungun. Teburin na nan a kusurwa, an kife shi, ƙafafunsa a sama. Wata maƙwabciya da ke tankaɗe a ƙofar gidanta ta gan su, ta duba hagu ta duba dama kafin ta yi magana. Ta ce ran Litinin ɗin waccan suka zo, da azahar, tsohuwar na tace gero. Suka ce minti biyar. Tana faɗa ta tattara rariyarta ta shige gida.

Ƙyauren Inna Mamunatu a buɗe yake. Tsakar gidan ta cika da busasshen ganye da kashin kaji, geron da take tacewa ya bushe a ƙwarya. Silifar na nan bakin ƙofar ɗaki, shuɗiya, da ɗinkin waya, ƙura ta rufe ta, sawun tsintsiyar da ke zagaye ta ya ɓace.

Mani ya daɗe yana kallon silifar. Huseina tana jin nauyin hannunsa a kafaɗarta, tana jin yadda yatsunsa ke ƙara matsewa.

"Kwana ashirin da uku suna tambayata sunanta," ya ce a hankali. "Safe da yamma. Suka ajiye allurar a kan tebur inda zan riƙa ganinta. Ban faɗa ba, Yaya. Wallahi ban faɗa ba."

"Na sani."

"Suhaibu bai san ta ba. Maganar na ba shi, ban ba shi suna ba, ban taɓa ba kowa suna ba." Yana magana yana lissafi a fili, kamar yadda yake yi in yana gyara wasa. "Rokia ba ta san lungun nan ba. Shahida ma. A cikinmu duka, wanda ya taɓa shigowa gidan nan ya ga silifar nan, sai ni, sai…"

Ya tsaya. Bai kalle ta ba. Maganar ta rataye a tsakaninsu, kuma Huseina ta ga sarai cewa ya bar mata ƙofa: in ta yi shiru, shi ma zai yi shiru, su tafi gida, su rayu a haka. Shekara goma sha takwas ba ta taɓa barin maganarsa ta faɗi ƙasa ba.

"Sai ni," ta ce.

Ya ɗauke hannunsa daga kafaɗarta. Ya yi tangaɗi, ta kai hannu za ta tare shi, ya kauce ya dafa katanga. A haka ya fita, yana bin bango, yana jan ƙafar da aka naɗe da bandeji.

Huseina ta duba agogon wayarta. Saura minti ashirin lokacin allurarsa ya yi. Ta gyara riƙon sabuwar kular da ta saya, ta bi bayansa, ta bar taku biyar a tsakaninsu.